Kowa a Sahun Gaba

Da sunan Allah za mu fara, wanda ya raba wa bayinsa hankali kamar yadda ya raba musu arziki: wani ya samu da mudu, wani da cokali, wani kuwa yana tsaye a wurin rabon, amma surutu ya hana shi miƙa hannu.

To, a cikin wannan kashi na uku an yi wani jami'in ilimi mai kula da makarantun gwamnati bakwai na wata gunduma. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa, domin babu abin da za ka faɗa masa, ko da mafarkin da ka yi jiya ne, face ya ɗaga hannu ya ce, "Na riga ka sani." Saboda haka malamai da iyayen yara, har da matarsa in ranta ya ɓaci, suke kiransa Malam Na-Riga-Ka. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya tsere daga aji ya samu ofis mai fanka da labule da babur na gwamnati, kuma tun daga ranar bai sake taɓa alli ba. Yakan ce ƙurarsa ba ta dace da ƙirjin manyan ma'aikata ba.

Wata ranar Litinin takarda ta iso masa daga Hajiya Darakta, shugabar ilimi ta yankin baki ɗaya. Layi huɗu ce kacal. A jarrabawar da ta wuce, cikin gundumomi goma sha biyu, tasa ce ta goma sha biyu. Nan da mako shida za ta zo da kanta. In ta tarar da gyara, madalla. In ba ta tarar ba, zai ajiye makullin ofis da na babur, ya koma aji ya riƙe alli.

Ya karanta sau uku, gumi ya tsattsafo masa duk da fanka tana kan lamba ta ƙarshe. Sai ya hau babur, ya yi kwana biyu yana zagaya makarantu. Duk ajin da ya leƙa tambayarsa biyu ce. "Wa ya zo na ɗaya?" Sai hannu ya tashi a bencin gaba. "Wa ya zo na ƙarshe?" Sai wani ya sunkuyar da kai can jikin bangon baya. Aji arba'in da biyu ya shiga, ba a samu saɓani ko sau ɗaya ba.

Ya dawo gida da yamma yana taku kamar wanda ya ci yaƙi. Uwargida tana tsakar gida tana gugar kayan makarantar 'ya'yansu.

"Uwar yara, ajiye dutsen gugar nan ki dubi mijinki da kyau. Nan da mako shida sai kin nemi izini kafin ki gan ni."

"Allah ya sa alheri. Me aka yi kuma?"

"Na gano inda ilimi yake ɓuya. A bencin gaba yake! Duk mai ƙoƙari a gaba yake zaune, duk daƙiƙi a baya. Ilimi wuta ne, na kusa ke jin ɗumi. In na mai da kowane yaro bencin gaba, wa zai zo na ƙarshe?"

Uwargida ta juya rigar da take gogewa. "Baban yara, ai malamai ne ke zaunar da su haka. Duk ƙarshen zango wanda ya zo na ɗaya a kawo shi gaba, na biyu ya bi shi, har a kai bango. Ƙoƙarin ne ya kai su bencin, ba bencin ya ba su ƙoƙari ba. Tambayi 'yarka."

"Na riga ki sani! Wannan maganar masu guga ce. Ni da idona na gani, aji arba'in da biyu."

"To, Allah ya ba da sa'a. Ɗaga ƙafarka, ka taka mini waya."

Washegari ya tara shugabannin makarantun bakwai a ofishinsa, ya kafa doka: daga yau an haramta bencin baya a gundumar. Shida daga cikinsu suka dubi ƙasa. Na bakwai, dattijon hedimasta na babbar makarantar da ke bakin titi, mutum ne mai furfura da sanyin magana, ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, in an cire bencin baya, ai wanda ke gabansa ne zai zama na baya."

"Shi ma a cire."

"In an cire shi fa?"

"A yi ta cirewa! Haba Hedimasta, kai da ka yi karatun addini, ka manta falalar sahun farko?"

"Ban manta ba, ranka ya daɗe. Sai dai duk falalarsa, ban taɓa jin limamin da ya ce a rushe sahu na biyu ba."

"Domin limamai ba su samu takarda daga Darakta ba. A makarantarka za a fara, gobe da safe."

Ajin da aka fara da shi aji biyar ne, yara saba'in da shida, benci goma sha tara, ɗakin kuwa faɗinsa ba ya ɗaukar fiye da benci huɗu a jere. Na-Riga-Ka ya tsaya a bakin ƙofa ya auna da ido, ya ce abin da ƙasa ta kasa ɗauka sama za ta ɗauka. Aka ɗora benci kan benci har hawa biyar, kamar kantar mai shago, aka tura su gaba. Ƙananan yara suka hau can sama suna lilo da ƙafafu a kan kawunan na ƙasa, murna kamar ta kashe su.

Malamin lissafi, wanda Allah ya hore wa tumbi da haƙuri daidai wa daida, shi ne a ciki lokacin da aka turo. Kafin ya ankara an matse shi tsakanin benci da allo.

"Ranka ya daɗe, ba na iya juyawa!"

"Me za ka juya ka yi? Ga ɗalibanka nan a hancinka."

"Rubutu a allo fa?"

"Rubuta ta kan kafaɗa. Malami nagari yana da ido a ƙeya."

Bawan Allah ya ɗaga hannu ta baya ya rubuta wani abu da ya fi kama da sawun kaza a kan taɓo. Yara saba'in da shida suka kwafa da aminci. Ana cikin haka takalmin wata yarinya ya faɗo daga hawa na biyar ya sauka a kan sanƙonsa, aji ya kece da dariya, ginin benci ya yi girgiza, Hedimasta ya dafa ƙirji yana salati.

Da aka kaɗa ƙararrawa sai aka lura benci ya toshe ƙofa. Yara suka fice ta taga ɗaya bayan ɗaya kamar ɓeraye. Malamin lissafi ya gwada, taga ta karɓi kansa da kafaɗunsa, ta ƙi sauran. Nan ya tsaya, rabi a aji rabi a waje, yana amsa gaisuwar masu wucewa, har aka kira la'asar kafin a warware bencin a jawo shi ta ƙafa.

"Ka gani ko?" in ji Na-Riga-Ka ga Hedimasta. "Yau babu yaron da ya yi barci a aji."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Mai tsoron faɗowa ba ya gyangyaɗi."

"Laifin ɗakin ne, ya yi wa tunanina kaɗan. Gobe a fito fili."

Aka fito fili, aka jera benci goma sha tara a layi ɗaya, kai da kai. Filin makaranta ya ƙare a benci na goma sha uku. Na-Riga-Ka ya sa aka buɗe ƙofar makaranta, layi ya fita, ya bi gefen titi, ya wuce mai gyaran keke, benci na ƙarshe ya tsaya daidai ƙofar shagon mai aski. Aka ciro allo daga bango aka ɗaure shi a kan baro, aka danƙa wa malamin lissafi hannayen baron.

"Ka riƙa turawa kana koyarwa. Kowa ya samu rabonsa."

Malam ya kama turawa. A farkon layi ya ce, "Bakwai sau takwas," yara suka amsa da ƙarfi, "Bakwai sau takwas!" kamar yadda aka saba. Ya tura, ya tura, yana haki, sai da ya kai ƙofar mai aski numfashinsa ya dawo ya ce, "Hamsin da shida." Na can suka amsa, "Hamsin da shida!" Ta haka aka wayi gari 'yan farkon layi suna da tambayoyi babu amsa, 'yan ƙarshe suna da amsoshi babu tambaya, 'yan tsakiya kuwa ba su san komai ba sai ƙarar tayar baro, wadda suka iya kwaikwayo ƙwarai.

Unguwa ta samu abin kallo. Masu jiran aski suka daina taɗin ƙwallo suka shiga amsawa tare da yara. Mai aski kansa, wani dogo mai bakin tsiya, ya tsaya da reza a hannu yana ƙirga tara sau shida da yatsu, bai farga ba sai da ya kwashe wa wani direba rabin gashin baki.

"Kai! Me ka yi mini haka?"

"Yi haƙuri, Direba, ilimi ne ya zo wucewa. Ka ga rabi ke nan, gobe in sun kai kashi ɗaya cikin huɗu ka dawo."

A kwana na huɗu wata mata ta zo da ɗanta riƙe a hannu, ta tsaya gaban Na-Riga-Ka, mayafi a kafaɗa.

"Kai ne mai wannan aikin? Zo ka ji abin da ka mai da mini yaro. Kai, gaya masa shekarunka."

"Hamsin da shida," in ji yaron.

"Mu nawa ne a gidanmu?"

"Hamsin da shida."

"Tun shekaranjiya ke nan! Ubansa ya tambaye shi ƙarfe nawa, ya ce hamsin da shida!"

Na-Riga-Ka ya yi murmushin jin daɗi. "Baiwar Allah, ki gode wa Ubangiji. Makon jiya in an tambaye shi me yake cewa?"

"Shiru yake yi."

"To, kin ga ci gaba. Amsar tana hannunsa, tambayar ce ba ta iso ba tukuna."

"Allah ya isar da ita kafin ya yi gemu!" Ta ja ɗanta ta tafi tana waiwaye.

Sauran makarantun shida, da yake doka ce, su ma suka fito da layukansu. Ranar Laraba ta mako na uku layin wata makaranta ya haɗu da na wata a mararraba, malamai biyu suka yi karo da baro, alluna suka kife, kowannensu ya tashi a ruɗe ya kama layin da ba nasa ba, aka yini ana koya wa 'yan aji ɗaya rabawa mai tsawo, 'yan aji shida kuma suna rera a, ba, ca. Masu motoci suka kai ƙara. Malamin lissafi ya rame har ɗamarar wandonsa ta nemi sabuwar huda, Na-Riga-Ka ya rubuta wannan a rahotonsa ƙarƙashin nasarorin da aka samu a fannin lafiya.

Amma ko shi ya lura tsawon layin ya yi yawa, ga mako huɗu sun tafi. Yana zaune a kujerar mai aski, an aske masa gefe ɗaya, yana ta saƙe-saƙe, sai mai aski ya juya kujerar don ya kama ɗaya gefen. Na-Riga-Ka ya ga madubi ya wuce, ƙofa ta wuce, masu jira sun wuce, kowa ya samu fuskarsa ba tare da ya taka ko'ina ba. Ya daka tsalle da ƙyallen aski a wuya.

"Allahu Akbar! Da'ira!"

"Wace ce kuma Da'ira? Zauna in ƙarasa maka, ka zama kamar gonar da aka nome rabi."

"Da'ira, jahili! Yara su kewaye, malami a tsakiya yana juyawa. Babu farko, babu ƙarshe, babu baya! Ara mini kujerar nan."

"In ara maka, su kuma waɗannan in aske su a tsaye?"

"Za a sa sunanka a rahoto."

Mai aski ya dubi masu jira, masu jira suka ce a ba shi, domin babu wanda yake son wasan ya ƙare. Ya ce, "To, amma ka ji sharaɗinta. Ƙarfen da ke riƙe da ita murɗaɗɗe ne kamar noti. In ka juya ta dama sai ta yi sama, in ka juya ta hagu ta sauko. Kada a wuce juyi goma ba a dawo da ita ba, in ba haka ba..."

"Na riga ka sani! Ni za ka koya wa kujera? Shekara goma sha ɗaya ina kanta."

Aka kai kujera tsakiyar fili, aka danne gindinta da duwatsu, aka kafa ƙaramin allo a hannunta da ƙusa. Malamin lissafi ya hau, ya tura da ƙafa ya yi juyi shida, ya sauko yana tafiya kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu, ya rungume tukunyar ruwan sha yana kiranta da sunan mahaifiyarsa. Washegari ya aiko da takardar likita. Malamin Turanci ya ce shi tun yana yaro ko lilo ba ya hawa. Malamar kimiyya ta ce ita a bakin aikinta. Kafin Juma'a babu malami ɗaya a makarantar da bai gano wata tsohuwar cuta a jikinsa ba.

"Hassada ce," in ji Na-Riga-Ka. "Ba sa son a ce ni na ƙirƙiro. To, ranar da Darakta za ta zo ni zan hau da kaina, su ga yadda ake koyarwa."

Hedimasta ya ce, "Ranka ya daɗe, ko za ka gwada sau ɗaya kafin ranar?"

"Gwaji na mai shakka ne."

Ranar ta zo. Tun da hantsi fili ya cika: iyaye, masu shaguna, shugabannin makarantu, direban nan mai sabon gashin baki, har uwargida ta zo ta tsaya a inuwa can gefe. An haɗa aji uku, yara fiye da ɗari biyu, a da'ira ɗaya mai faɗi, an ɗaure benci da benci da igiya kada wani ya zame ya koma baya. Na-Riga-Ka ya sha doguwar farar riga mai guga, ya sa an juye wa ƙarfen kujera gwangwanin mai guda. Tura kujera da ƙafa kuwa ya ce bai dace da muƙaminsa ba, saboda haka aka naɗe doguwar igiya a ƙarƙashin mazaunin, aka zura bakinta ta ƙarƙashin benci zuwa waje, aka ba maigadin makaranta. Maigadin tsohon soja ne, bai taɓa tambayar dalilin umarni ba.

"Ka saɓa igiya a kafaɗa, ka ba ni baya, ka yi ta tafiya. Kada ka tsaya, kada ka waiwaya, sai ka ji usur."

"An gama, ranka ya daɗe."

Ga yara kuma ya ce, "Duk abin da ya fito daga bakina ku maimaita da ƙarfi, har a ji ku a gundumar da ta zo ta ɗaya."

Hajiya Darakta ta iso, 'yar gajeruwar mace mai tabarau, maganarta ba ta da yawa. Ta nemi kujerar baƙi, Na-Riga-Ka ya ce a sabon tsari babu mai zama a baya, ko da Darakta ce. Aka taimaka mata ta tsallaka benci, ta zauna tsakanin 'yan mata biyu, ta ɗora jakarta a cinya.

Ya hau kujera, alli a dama, usur a hagu, ya ɗaga murya. "Hajiya Darakta, manyan baƙi, yau za ku ga abin da magabata suka nema ba su samu ba. Maigadi, bismillah!"

Igiya ta miƙe, kujera ta fara juyawa a hankali, cikin natsuwa da ƙasaita.

"Ilimi haske ne!"

"ILIMI HASKE NE!" in ji yara ɗari biyu.

"Jahilci duhu ne!"

"JAHILCI DUHU NE!"

Jama'a suka tafa. Maigadi ya ji tafi, jinin soja ya motsa, ya ƙara sauri. A juyi na biyar Na-Riga-Ka ya lura ƙafafunsa sun bar ƙasa. Ya yi dariya ya ce, "Kun ga yadda gunduma ke hawa!"

"KUN GA YADDA GUNDUMA KE HAWA!"

A juyi na takwas iska ta shiga rigarsa ta kumbura ta kamar tanti. Ya kai usur baki, allo ya bugi gwiwar hannunsa, usur ya yi tsalle ya faɗa can cikin yashi.

"Kai, Maigadi, ya isa!"

"KAI, MAIGADI, YA ISA!"

Maigadi ya ji sarai, amma ba usur ba ne, kuma ya ji yara sun maimaita, ya tabbata cikin darasi ne. Ya sunkuyar da kai ya fara sassarfa.

"Ku tsayar da shi!"

"KU TSAYAR DA SHI!"

"Ba karatu nake yi ba, 'yan banza!"

"BA KARATU NAKE YI BA, 'YAN BANZA!"

Mai aski yana daga waje yana ƙirga da ƙarfi, yana dukan cinya. "Sha ɗaya! Sha biyu! Na gaya maka goma! Sha uku! Wayyo kujerata!" Hedimasta ya yunƙura zai shiga ya taimaka, benci a ɗaure, yara a cunkushe, babu ƙofa. Wasu suka bi Maigadi da gudu, shi kuwa da ya ji sawu a bayansa sai ya ɗauka gasa ce, ya zura a guje ya fice ta ƙofar makaranta.

A tsakiyar fili ba a ganin mutum sai wani farin abu mai juyawa yana ta yin sama, hula ta tafi gabas, takalmi ya tafi yamma, murya tana fitowa guntu-guntu.

"La haula!"

"LA HAULA!"

"Uwar yara!"

"UWAR YARA!"

Uwargida ta ja mayafi ta rufe fuska.

A juyi na goma sha tara ƙarfen ya ƙare. Mazaunin kujera ya rabu da gindinsa, ya tashi da mai shi da allonsa, ya yi wani ɗan shawagi, ya sauka a kan yashi, ya gangara sau uku, ya tsaya daidai ƙafafun Hajiya Darakta. Allon ya fashe a tsakiya, kan Na-Riga-Ka ya fito ta cikinsa.

"Na mutu," ya ce a hankali.

"NA MUTU!" in ji yara ɗari biyu cikin farin ciki.

Da aka tabbatar babu abin da ya karye sai wuya da ya sanƙare, dariyar da jama'a suka danne ta ɓalle gaba ɗaya. Direba ya kwanta a ƙasa yana shure-shure. Na-Riga-Ka ya miƙe da allo a wuya, ya yi taku uku a karkace, ya tsaya gaban wata bishiya ya rusuna.

"Hajiya Darakta, kamar yadda kika gani, wannan somin taɓi ne..."

"Ina nan bayanka," in ji Darakta.

Ta juya ga yarinyar da ke damanta. "'Yata, mako shidan nan me kuka koya?"

Yarinyar ta yi tunani da gaske. "Ɗaukar benci, Hajiya. Yanzu mu biyu muna iya ɗaukar guda."

"Ke fa?" ta tambayi ta hagu.

"Ni na iya kukan baro."

Darakta ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta miƙa tafin hannu. "Malam, abin da zan faɗa..."

"Na riga ki sa..." Ya haɗiye sauran.

"Madalla, ka rage mini magana. Makulli. Duka biyun."

Ya laluba aljihu ya ba ta. Ta dubi Hedimasta. "A mai da benci yadda suke yau ɗin nan. Aji biyar kuma a ba shi. Malamin lissafi ya huta mako biyu, ya ci abinci."

Ranar Litinin Malam Na-Riga-Ka ya shiga aji biyar da ƙafa, wuyansa naɗe da abin da likita ya ɗaura masa, yara saba'in da shida suna kallonsa a sahu biyar. Ya ɗauki alli da yatsu biyu kamar mai ɗaukar kunama, ya yi rubutu, ya fara bayani. Wuyan ya hana shi ɗaga murya.

"Malam, ba ma ji!" aka ce daga baya.

Ya sake gwadawa, zafi ya soke shi har ƙeya. Babu yadda zai yi, sai ya tako a hankali ta tsakanin benci har jikin bango, ya maimaita musu a can. Yana tsaye sai idonsa ya faɗa kan littafin wani yaro, ya ga yana rubuta uku tana kallon baya. Ya karɓi fensirin ya gyara masa. Na kusa da shi ya turo nasa littafin, na gaba ma ya turo. Daga nan ya waiga da jikinsa duka ya dubi allo, ya tarar hasken taga ya wanke rabinsa, ba a ganin komai daga wurin. Ya sa aka rufe tagar. Bai ankara ba sai ƙararrawa ya ji.

Da yamma ya shigo gida, alli har gira, yana taku irin na ranar farko.

"Uwar yara! Kawo takarda da biro. Wannan karon Darakta da kanta za ta zo neman gafara."

"Inna lillahi. Me ka gano kuma?"

"Abin da bai taɓa faɗo wa kowa ba. Maimakon a kawo yara gaba, malami ne zai taka ya je baya! Ya duba littafin kowane yaro, ya ga inda ya karkace, ya gyara masa. Babu baro, babu igiya. Yau yaro huɗu na koya wa rubuta uku. Huɗu! Abin da ya rage kawai in sa wa tsarin suna, suna mai nauyi, wanda za a riƙa faɗa a taro."

Uwargida ta miƙa masa biro, ta dube shi har ta gama dubansa.

"Sa masa suna koyarwa."

Ya juya kalmar a baki. "Koyarwa. Ya yi gajarta, amma ba laifi." Ya rubuta da manyan baƙaƙe a saman takarda, ya ja layi biyu a ƙarƙashi, sa'an nan ya ƙara a gefe: wadda ni na ƙirƙiro.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa in za mu faɗo mu faɗo a kan yashi.